Ranar da Aka Cire Suna Daga Waƙar Jar Mota

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa daga kai, har da fuskokin mutanen da muka ci tuwo a akushi ɗaya. Amma abin da ya faru a shingen iyakar Jibiya, wata rana cikin kaka, a zamanin da Ingilishi ke riƙe da wannan gefe Faransa na riƙe da wancan, ba zan manta da shi ba har a rufe ni da ƙasa. Yau ma da na zauna rubuta shi sai da na ajiye alƙalami na sha ruwa, don raina ya sake ɓaci kamar jiya aka yi. Ba zan kama sunan kowa ba. Yawancin waɗanda abin ya shafa sun rasu, sun bar 'ya'ya da jikoki. Zan dai faɗi abin yadda ya faru, daki-daki, don ni ba na son labarin da aka faro daga tsakiya.

Da farko, su wane ne mu. Mu makaɗan goge ne. Shugabanmu, wanda muke kira Uban kiɗi, shi ke riƙe da goge, shi ne kuma mai waƙa. Akwai wani tsoho mai kalangu da kowa ke ce wa Baba, akwai mai ƙwarya, sai mu 'yan amshi uku, ni ne babba. Na ɗan taɓa elementare kafin a cire ni, saboda haka ni ke tsara tafiya: inda za mu sauka, wanda za mu fara gaisarwa, waƙar da za a buɗe da ita da wadda za a rufe. Mutanen yanzu sun ɗauka ɗan amshi ɗan rakiya ne. Ba haka ba ne. Mai waƙa jefa magana yake yi, mu muke tare ta. In ya yi nisa cikin kirari numfashi ya ƙare masa, amshinmu ne wurin hutawarsa. Kuma amshi ne jama'a ke ɗauka su tafi da shi gida.

Zan yi wa Uban kiɗi adalci, ko da yake har yau ban huce ba. Ban taɓa jin hannu irin nasa a kan goge ba, kafin shi ko bayansa. In ya shafa ƙaro a tsagiya ya ja, sai ka rantse akwai mutum a cikin ƙoƙon nan yana magana. Muryarsa kuma ba ta da kauri, amma tana kaiwa ƙarshen fili. Duk da haka mun daɗe ba kowa ba ne mu. Ƙauyukan Riko da Kusa muke zagayawa a ƙasa, biki ko suna, a sallame mu da tuwo da ɗan gero. A wancan zamani mai goge ba mutum ba ne a idon dattawa. Za a kira ka ka sa mutane rawa, amma ba za a shimfiɗa maka tabarma a zaure ba. A waje za ka ci, kusa da inda ake ɗaure jakuna.

Na biyu, direban. Mutumin Riko ne, yana da tsohuwar babbar mota tasa ta kansa, wadda ya shafe da jan fenti. Yana ɗaukar goro da kananzir da atamfa daga Katsina ya kai Maraɗi, ya juyo da gyaɗa. Ya ji mu a wani biki, da aka tashi ya ce, "Ku da wannan hannu kuna yawo a ƙasa? Ku hau." Shi ke nan. Shi ya fara kai mu tashar Katsina ya tara mana direbobi. Shi ya fara ƙetarar da mu iyaka. Bai taɓa cewa mu biya ba, bai kuma taɓa yi mana gori ba. Maigida muke ce masa, kuma ya cancanta.

Mahaifiyarsa tuwo take sayarwa a Riko. Ranar da ya fara kai mu gidansu muka tsaya a ƙofa kamar yadda muka saba. Sai ta aiko a shimfiɗa mana tabarma a cikin zaure, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka a akushin maigida. Maƙwabta suka fara magana, wai ta shigar da 'yan goge gidan mutunci. Da kunnena na ji ta daga bayan danga tana cewa, "Baƙin ɗana ne, ba naku ba. Wanda ya ga ba zai iya ba ya sauya hanya." A cikin zauren nan Uban kiɗi ya haɗa waƙar jar mota, a gabanta, a gaban ɗanta da 'yan unguwa. Amshinta shi ne:

Jar mota ta taso a ba ta hanya,
Mai ita ba ya barin kowa a daji.

A tsakiyar waƙar akwai baiti na tsohuwar, inda ake kiran direba ɗan mai tuwon Riko, wadda ta shimfiɗa wa baƙo tabarma. Da Allah ya yi mata rasuwa, a daminar da ta gabaci abin da zan faɗa, sai aka ƙara wa baitin addu'a, Allah ya haskaka kabarinta. Duk lokacin da muka iso nan Baba yakan sassauta kalangu, mu ma mu sauke murya, direba kuma ya sunkuyar da kai har a wuce.

Na uku, ƙa'idar, don in ba ka san ta ba, ba za ka gane abin da ya ɓata mini rai ba. A wajen makaɗa, waƙar da ka yi wa mutum ta zama tasa, ita da kiɗinta. Kana iya yin ta a bayansa, a kowane gari, amma da sunansa. Ba a cire suna a sa wani. Ko kun yi faɗa da shi, ko ya wulaƙanta ka, abin da ake yi shi ne a binne waƙar, a daina yin ta gaba ɗaya. Ba a ɗaukar ta a kai wa wani. Wannan ba a rubuce yake ba, amma ba makaɗin da bai san shi ba, har waɗanda ake raina su irinmu. Ina ma ganin mu muka fi riƙe shi, don ba mu da wani mutuncin da ya wuce shi.

Waƙar nan ita ta fito da mu. Yaran mota suka ɗauke ta suka watsa a tashoshi. Mata na yin ta a bakin turmi. In muka shiga kasuwa sai ka ji ana cewa ga masu jar mota nan. Aka fara kiranmu Katsina, Maraɗi, Ƙaura, ba mu ke neman biki ba, biki ke neman mu. Daga nan ne Uban kiɗi ya fara sauyawa. Ya sayi babbar riga da baƙin tabarau, ya daina cin abinci tare da mu. Wannan bai dame ni ba, shugaba ne. Abin da ya dame ni ya faro ne ranar da ya ji garmaho a wani kanti a Katsina. Ya tsaya yana kallon faifai yana juyawa, muryar wani mawaƙi na fita daga ciki, har sai da na ja masa hannun riga. Daga ranar ba shi da zance sai faifai. Ko muna tafiya a bayan mota sai ya ce, "Wanda bai shiga faifai ba, in ya mutu ya mutu ke nan."

Yanzu ranar kanta. An gayyace mu suna a Maraɗi, muka hau jar mota kamar kullum, a kan buhunan goro. Muka iso shinge rana ta ɗaga. Lokacin cinikin gyaɗa ne, motoci sun yi layi, ma'aikata na duba kaya ɗaya bayan ɗaya, sanda a gicciye a kan hanya. Wanda ya san wurin ya san in layi ya yi tsawo kasuwa ce ke ci. Ga masu fura da nono, ga masu rake, ga Fulani suna jiran a wuce da shanu, ga masu raƙuma sun durƙusar da su a gefe. Injin motarmu ya yi zafi, maigida ya buɗe gaba yana zuba masa ruwa. Mu kuma muka sauka muka zauna a gindin wata tsamiya.

A ɗaya gefen hanyar akwai wani attajirin gyaɗa daga Maraɗi, zaune a kujera an shimfiɗa masa darduma, mutane kewaye da shi. Motocinsa sababbi ne, koraye, suna cikin layin. Kowa a hanyar nan ya san ba sa ga maciji da maigidanmu. Attajirin ya so ya tattara dukan jigilar gyaɗa a hannunsa, ya nemi maigida ya sayar masa da jar mota ya koma yi masa tuƙi. Maigida ya ce shi ba ya zama yaron kowa. Wannan amsa ba ta taɓa barin attajirin ba.

Ya aiko a kira mu. Na ce wa Uban kiɗi mu je mu gaida shi, don babba ne, mu dawo. Muka je muka durƙusa.

Ya dube mu ya ce, "Ku ne masu jar mota?"

Uban kiɗi ya ce, "Mu ne, ranka shi daɗe."

"Na ji ku a bakin yaran motata har na gaji. Na saya masu motoci sababbi fil, amma waƙar tsohon gwangwani suke yi mini a ciki." Mutanensa suka yi dariya.

Uban kiɗi ya ce, "Ai sai a yi maka taka, Alhaji. In ka ba mu ɗan lokaci mu zauna da Baba, za mu haɗa maka wadda ta dace da kai."

"Ban son sabuwa. Sabuwa sai ta daɗe kafin ta kama. Wagga da ta riga ta kama nika so." Ya kalli Uban kiɗi, kamar mai duba ragon da zai saya. Sannan ya ce, "Na ji an ce kana son faifai. Masu ɗaukar murya za su zo Kano bayan kaka, wakilinsu abokin cinikina ne. Motata za ta kai ka, ni zan kama hannunka in shigar da kai. Amma in ji ta yanzu, a nan, da sunana."

Na dubi Uban kiɗi. Na san shi sarai, na san an riga an kama shi. Na ce wa attajirin a yi mana izini, na ja Uban kiɗi gefe, Baba ya biyo mu.

Na ce, "Uban kiɗi, kada ka yi."

Ya ce, "Suna ne kawai. A cire a sa, mi ya ɓaci?"

"Ga mai sunan can yana zuba wa mota ruwa. Motar da ta kawo ka nan."

"Waƙa tawa ce, ni na yi ta."

"Kai ka yi ta, amma ka bayar. A gaban mutane ka bayar, a zauren uwarsa."

Baba ya ce, "Ɗana, in ka gaji da mutum, binne waƙarsa ake yi. Tun kafin a haife ka haka muka tarar."

Ya ce, "Baba, kai ka ci zamaninka a ƙauye. Ni ba zan mutu a bayan motar goro ba." Ya juyo kaina. "Kai kuma aikinka amshi. In na jefa ka tare."

Na ce, "To yau in ka jefa, ƙasa za ta faɗi."

Ya yi tsaki, ya ɗauki goge ya koma gaban attajirin. Ya shafa ƙaro, ya ja. Mai ƙwarya ya shiga. Baba ma ya shiga, kansa a ƙasa. Daga baya ya gaya mini hannunsa ne ya tafi da kansa, don tsawon rayuwarsa bai taɓa jin goge ya tashi ya bar shi shi kaɗai ba. Ban riƙe shi da wannan ba.

Kiɗin jar mota ba ya ɓoyuwa. Kafin a ce komai wurin ya cika. Yaran mota suka diro daga kan kaya suna tafi, masu fura suka ajiye ƙorai, har wani ma'aikaci ya leƙo daga rumfarsu. To ga abin da ya fi ci mini rai, wanda har yau in na rufe ido nake gani. Maigida ya ɗago kai daga cikin injin, ya ji kiɗinsa, ya yi murmushi. Ya ɗauka a gaban attajirin za a yi ta don a nuna masa. Ya ɗauki tsumma yana goge hannu, ya taho wajenmu yana ɗan rangaji. Yana tsakiyar hanya Uban kiɗi ya buɗe baki ya kira sunan attajirin.

Maigida ya tsaya cak, tsumma a hannu.

Aka iso wurin amshi. Uban kiɗi ya jefa, ya dube ni. Na harɗe hannuwa a ƙirji na dube shi cikin ido, ban buɗe baki ba. 'Yan amshi biyun nan suka dube ni, suka dube shi, sannan suka amsa da wata murya kamar ta marasa lafiya. An mai da jar mota koriyar mota, kalmar ta ƙi zama a kan kiɗin, sai tuntuɓe suke yi da ita. Jama'a kuma ba su gane an sauya ba tukuna, suna ta rera tsohon amshi da ƙarfi. Aka samu mota biyu a waƙa ɗaya. Da mutum ne mai kunya da nan ya tsaya. Shi sai ya ƙara ƙarfin goge ya ƙara sauri, don ya rufe ɓarnar.

Saurin nan ne ya kai shi inda ya kai shi. Waƙar da ka yi ta sau ba adadi, baki ya san hanyarta fiye da kai. Yana cire suna yana sawa, yana cirewa yana sawa, bai ankara ba ya iso baitin tsohuwar, ya zarce da shi yadda yake. Ya nuna attajirin da bakan goge, ya kira shi ɗan mai tuwon Riko, wadda ta shimfiɗa wa baƙo tabarma, Allah ya haskaka kabarinta.

Uwar attajirin tana nan da ranta a Maraɗi, ba ta taɓa taka Riko ba, kuma rabin mutanen wurin sun san haka. Wani direba daga baya ya ɗaga murya ya ce, "A'a, Alhaji, yaushe tsohuwa ta rasu ba a gaya mana ba?" Wuri ya fashe da dariya. Wani ya ce, "Har da uwar aka haɗa masa." Attajirin ya fi kowa dariya, har yana buga cinya. Ya ce, "Ku bar shi. In an sayi mota ai da tayoyinta ake saye."

Baba ya tsai da kiɗi. Ya sa makaɗin kalangu a aljihu, ya sauke kalangu daga kafaɗa ya ajiye a ƙasa. Mai ƙwarya ya ɗan ci gaba shi kaɗai, sannan shi ma ya tsaya. Gogen ya yi wata ƙara ya mutu. Sai a lokacin Uban kiɗi ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

Maigida ya ƙaraso a hankali, mutane na darewa. Na ɗauka zai doke shi, kuma wallahi da ya yi da na taya shi. Bai ko ɗaga murya ba. Ya tsaya gaban Uban kiɗi ya ce, "Ka cire sunana, na ji, na yi shiru. Ni ina da rai, zan iya ɗauka. Ita fa? Wa ya ba ka ita?"

Uban kiɗi ya ce, "Maigida, baki ne ya zarce."

"Baki ne ya zarce." Maigida ya maimaita shi kamar yana ɗanɗanawa. "A zaurenta bakin nan ya ci tuwo."

Ya juya ya hau bayan mota. Ya sauko da ƙunshin kayan Uban kiɗi, da tabarmarsa, da butarsa. Bai jefar ba, bai yi wurgi da komai ba. Ya jera su a bakin hanya a tsanake, ya ɗora butar a sama. Ya ce, "Ga motarka can, koriya." Sannan ya dube mu ya ce, "Wanda zai tafi da ni ya hau."

Na yi kan Uban kiɗi, niyyata in fizge gogen in fasa ƙoƙon a kan dutse. Baba ya riƙe mini riga ta baya ya ce, "Gogen bai yi laifi ba." Na tsaya. Abin da kawai na ce masa shi ne, "Daga yau ka nemi mai tare maka." Ya ce, "Masu amshi sun fi gyaɗa yawa a ƙasar nan." Maganarmu ta ƙarshe ke nan, ni da mutumin da muka yi shekaru muna kwana a tabarma ɗaya.

Mai ƙwarya da 'yan amshi biyun suka sauko da nasu kayan suka bi shi. Ban ga laifinsu sosai ba, shi ne mai gogen, a wajensa abinci yake. Ni da Baba muka hau jar mota. Da layi ya zo kanmu aka duba kaya, aka ɗaga sanda, muka ƙetara. Na waiwaya sau ɗaya na hango Uban kiɗi tsaye kusa da kayansa, tabarau a fuska, ana yi masa nuni da inda zai hau. A iya sanina shi kaɗai ne mutumin da maigida ya taɓa bari a hanya.

Da a ce daga nan Allah ya nuna masa iyakarsa, da labarin ya yi daɗin faɗa. Ba haka aka yi ba, kuma ba zan yi ƙarya don in huce ba. Attajirin ya cika alkawari. Aka kai shi Kano, aka ɗauki muryarsa. Faifan ya fito da waƙar, da sunan attajirin, da koriyar mota, an cire baitin tsohuwar kamar ba a taɓa yin ta a duniya ba. Ana sa shi a kantunan Katsina, ana sa shi a kasuwar Jibiya. Da farko in an sa, direbobin da suka sani sukan rufe shi da tsohon suna, kuma sun daɗe ba mai ɗaukar Uban kiɗi a hanyar nan. Amma faifai ba ya gajiya, mutane ke gajiya. Yara suka taso ba su san wata jar mota ba. Akwai ranar da wani saurayi ya yi mini gardama a tasha, yana rantsuwa wai tun asali attajirin aka yi wa waƙar, ni da na tsaya a zauren da aka haɗa ta. Na tashi na bar masa bencin, don in na zauna ban san abin da zan yi ba.

Uban kiɗi ya yi suna, ya koma Kano, ya sauya 'yan amshi ban san iyaka ba. Ya taɓa aiko mini in dawo, wai ba wanda ya iya tare masa kamar ni. Na ce wa ɗan aiken ya gaida shi. Ni daga ranar shinge ban sake tsayawa bayan wani mai waƙa ba, na koma ɗinki. Baba ya koma yi wa mahauta kalangu a kasuwar Jibiya.

Saura abu ɗaya, shi ne na ƙarshe a jerin. Bayan shekaru, maigida ya tsufa, ido ya yi rauni, ya bar tuƙi ya koma Riko. Jar mota tana bayan gida, ba tayoyi, kaji na kwana a ciki. Ni da Baba muka shirya mu je mu mai da masa waƙarsa. Ba goge, amma akwai kalangu, ni kuma ban manta ko kalma ɗaya ba. Muka tarar da shi a zauren nan. Bayan gaisuwa Baba ya rataya kalangu ya fara a hankali, na buɗe baki na ce, "Jar mota ta taso."

Ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ku bari."

Na ce, "Maigida, yadda take za mu yi ta. Da sunanka, da na Inna."

Ya ce, "Na sani, kuma na gode. Amma da Baba ya taɓa kalangun nan, sai na ji ina jiran inda sunan wancan zai fito. In kun iso baitin Inna kuma, dariyar shinge zan ji. Na gwada yin ta a zuciyata ni kaɗai, haka take yi mini. Ku bar ta a kwance."

Baba ya sauke kalangu. Maigida ya kira a shimfiɗa mana tabarma, a daidai inda tsohuwar ta sa aka shimfiɗa mana ta farko, aka kawo tuwo. Muka ci.

A hanyarmu ta komawa ne na gane girman abin da aka yi. Duk shekarun nan na ɗauka an sace waƙar ne, ana iya ƙwato ta a mai da wa mai ita. Ashe kashe ta aka yi, a cikin kan mutumin da aka yi ta dominsa. Abin da ranar nan ta koya mini ke nan, shi nake gaya wa 'ya'yana da duk wanda ya koyi ɗinki a hannuna. Abin da ka ba mutum don girmama shi ya fita daga hannunka, ko da kai ka ƙera shi. Ranar da ka karɓe shi ka kai wa wani don an nuna maka abin da ya fi, ba kyautar kaɗai ka karɓe ba, har daɗin da ya taɓa ji da ita ka lalata, kuma wannan ba mai iya gyara shi. Mun je da kalangu, mun je da kowace kalma a inda take, mai waƙar ya ce mu bari.